Hajiya Tana Kwance a Kano, Iyalina Suna Amurka: Wata Nawa Zan Iya Yi a Gida?

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Kano ne, shekarata 56, ina tuƙin tasi a Niyu Yok. Na ci cacar biza na shigo Amurka a 2010, kuma na sabunta katina na zama, wato girin kad, a 2020. Matata da 'ya'yanmu uku suna nan Buronks, wani yanki na birnin Niyu Yok, tare da ni. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni ne kuma babba a ɗakinmu. A 2023 na je na yi wata takwas a wajenta. Da na dawo aka shigar da ni ɗakin ciki a filin jirgi, aka yi ta yi min tambayoyi kusan awa uku, daga ƙarshe wani jami'i ya ce in na sake daɗewa haka zan iya rasa katin. Yanzu jikin nata ya sake tashi, ina so in je in zauna da ita ko da shekara ɗaya da rabi ne. Abokaina a masallaci sun ce ba komai, in riƙa leƙowa duk wata shida in yi sati ɗaya in koma. 'Yan'uwa a gida kuma sun ce in ƙara aure a can don a samu mai kula da Hajiya. Ban taɓa neman zama ɗan ƙasa ba saboda tsoron jarrabawar Turanci. Malam, ina mafita?

Wani bawan Allah, daga Buronks

Wa'alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya ba ka ladan wannan damuwa da ka shiga saboda ita.

Zan fara da shawarar abokanka na masallaci, domin ita ce ta fi saurin jefa ka cikin rami. Ba mugunta suka yi maka ba, abin da suka ji suka faɗa, kuma wataƙila sun san wani da ya yi shekara uku yana wannan leƙe-leƙe bai gamu da komai ba. Sai dai wanda aka karɓe wa kati ba ya dawowa masallacin Buronks ya ba da labari, yana can gida yana cizon yatsa. Shi ya sa labarin waɗanda suka tsira kaɗai ke yawo.

Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne ɗaukar girin kad kamar wata babbar biza, wadda in ka shigo kafin wa'adinta ya cika shi ke nan. Ba haka dokar ta ɗauke shi ba. Katin shaida ce ta magana guda: gidana a Amurka yake, duk inda na je baƙunta na je yi. Ranar da wannan magana ta daina zama gaskiya, katin ya zama roba kawai a aljihunka, ko da an rubuta 2030 a jikinsa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, hukumar shige da fice ta Amurka ba ta san wannan karin magana ba, amma da shi take aiki. Jami'in da ke zaune a filin jirgi ba kwanaki kaɗai yake ƙirgawa ba. Yana so ya gane inda rayuwarka take: ina matarka da 'ya'yanka, ina kake biyan haya, ina kake samun abinci, ina kake biyan haraji, kuma da ka tafi, ka tafi da ranar dawowa ko ka tafi ne sai baba ta gani.

Wata shidan da abokanka suke faɗa yana da asali, sun dai fahimce shi a karkace. Iyakoki biyu ne a dokar. Na farko kwana 180. In ka wuce haka a waje a tafiya ɗaya, da ka sauka ba a ɗaukar ka a matsayin mazauni da ya dawo gidansa, ana ɗaukar ka kamar mai neman shiga sabo, kuma jami'i yana da damar buɗe duk littafin sharuɗɗan da ake hana baƙo shiga da su. Abin da ya same ka a 2023 ke nan, wata takwas ya haura layin. Na biyu shekara ɗaya. In ka cika shekara a waje, katin da kansa ya daina zama takardar shiga, har kamfanin jirgi na iya ƙin ɗaukar ka tun daga Kano ko Legas, tunda su ma ana cin su tara in suka kai fasinjan da takardunsa ba su cika ba. Amma babu inda dokar ta ce wanda bai kai kwana 180 ba ya tsira. Mutumin da ya yi wata biyar da rabi a Kano, ya zo ya yi sati ɗaya a Buronks, ya koma ya sake wata biyar da rabi, sau uku a jere, kowane yaro ya san inda gidansa yake. Duk shigarka da fitarka suna cikin kwamfutar da ke gaban jami'in. Kai kuma an riga an yi maka gargaɗi sau ɗaya, ka ɗauka cewa an rubuta shi, wanda zai karɓe ka nan gaba zai gani.

Kada wannan ya karya maka zuciya, domin a cikin masu aiko min da irin wannan tambaya kana cikin masu ƙarfin hujja. Uwargida tana Buronks, yara suna makaranta a can, gidan haya da sunanka, sana'arka a can. Dalilin tafiyarka kuma dalili ne da kowane ɗan Adam yake ganewa. Abin da ya rage shi ne ka yi tafiyar da takardar da aka tanada domin irinta.

Sunanta takardar izinin sake shiga, ana neman ta a hukumar USCIS, mai kula da takardun zama da na zama ɗan ƙasa a Amurka, da fom mai lamba I-131, kuɗinta kuma dala 630 ne a farashin da aka sa tun Afrilun 2024. Tana aiki har shekara biyu daga ranar da aka fitar da ita. Amfaninta shi ne ka sanar da gwamnati tun kafin ka tashi cewa za ka daɗe amma ba ƙaura ka yi ba, kuma da ita za ka iya shiga jirgi ko ka haura shekara a waje. Sharaɗinta mafi girma, wanda mutane da yawa suke tuntuɓe a kansa, shi ne dole ƙafarka tana cikin Amurka a lokacin da aka shigar da fom ɗin. Ba a neman ta daga Kano, ba a aiko wa ɗa ya cike ya tura bayan ka tafi. Bayan shigarwa za su iya kiran ka ɗaukar hoton yatsu, wannan ma a cikin Amurka ake yi, in ka tsallake ranar ba tare da uzuri ba ana iya watsar da buƙatar. Da an gama da yatsu ba sai ka zauna jiran fitowar takardar ba, wadda takan ɗauki watanni masu yawa. A cikin fom ɗin akwai wajen da za ka ce a aika maka da ita ofishin jakadancin Amurka a ƙasar da kake, ka je ka karɓa. In jikin Hajiya ya matsa, ka haɗa da takardar likitanta ka roƙi a gaggauta.

Kada ka ɗauke ta laya. Tana kawar da tuhumar da ta rataya a kan tsawon kwanaki kaɗai, ba ta hana jami'i tambayar sauran abubuwa. In ka tafi da ita, sannan ka saki gidan haya, ka kwashe iyali, ka buɗe shago a Kantin Kwari, ka daina cike takardar haraji, takardar ba za ta yi maka magana ba. Harajin nan musamman ka riƙe shi da hannu biyu. Mai girin kad yana cike takardar haraji a matsayin mazauni kowace shekara ko yana ina a duniya. Akwai masu cike wa mutane haraji da za su ce maka tunda ba ka ƙasar, bari a cike maka fom ɗin wanda ba mazauni ba, kuɗin ya fi sauƙi. In ka yarda, ka rubuta da hannunka ke nan cewa ka bar Amurka, kuma za a iya fito maka da wannan takarda wata rana. Lasin ɗin tuƙinka da na tasi kada ka bari su mutu, asusun bankinka ya ci gaba da motsi.

In mutum ya tafi babu wannan takarda ya haura shekara, ko ya tafi da ita ta ƙare a hannunsa, sauran ƙofa ɗaya: bizar mazauni mai dawowa, SB-1, wadda ake nema da fom DS-117 a ofishin jakadanci, ga mutanen Najeriya kuma harkar bizar zama a Legas ake yin ta. Sai ka gamsar da jami'i cewa abin da ya riƙe ka ya fi ƙarfinka, ba zaɓinka ba ne. Ƙofa ce ƙunƙuntacciya, kuma jami'i na iya cewa ciwon mahaifiya da ka san da shi tun kafin ka tashi ba abin ba-zata ba ne. Ka tuna kuma hanyar da ka shigo ta rufe. Tun zagayen 2015 aka cire Najeriya daga cacar biza saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka shiga. Abin da ke aljihunka, in ya suɓuce, ba a sake cin sa a caca.

Yanzu ɗakin ciki, tunda ka san shi kuma wataƙila ka sake ganin sa. Abin da zan faɗa maka a nan ka haddace shi kamar lambar wayar gidanka. Jami'in filin jirgi ba shi da ikon soke matsayinka na mazauni. Alƙalin kotun shige da fice ne kaɗai yake da wannan iko, kuma a gabansa gwamnati ce za ta kawo hujja bayyananniya cewa ka yi watsi da zamanka, ba kai za ka fara wanke kanka ba. Hanya ɗaya da katin yake mutuwa nan take a filin jirgi ita ce ka kashe shi da hannunka. Akwai fom mai lamba I-407, ma'anarsa na sallama zamana a Amurka da son raina. Ana iya ajiye shi a gabanka bayan ka yi awa goma sha wani abu a sama, ga gajiya, ga yunwa, ga tsoro, a ce sa hannu a nan a bar ka ka shiga ka ga iyalinka a matsayin baƙo. Kada ka sa. Ba dole ba ne, kuma ƙin sa hannu ba laifi ba ne. Ka ce cikin ladabi ba ka sallama zamanka ba, kana so alƙali ya duba maganarka. Za su iya riƙe ka sa'o'i, za su iya karɓar katin su ba ka wata shaida ta wucin gadi da takardar gayyata zuwa kotu. Wannan duk da ɗacinsa ya fi sa hannun, domin daga nan kana da lauya, kana da lokaci, kana da matarka da 'ya'yanka a matsayin shaida. Duk takardar da ba ka gane abin da ke cikinta ba, ka nemi tafinta kafin alƙalami ya taɓa ta.

Kuma kada ka yi ƙarya ko da ta kwana ɗaya ce. In wata bakwai ka yi, ka ce bakwai. Ka riƙe 'yar jaka a hannu, ba a cikin akwatin da ke ƙarƙashin jirgi ba, da takardun asibitin Hajiya, takardar hayar gida, kwafin harajin shekarun baya, takardun makarantar yara, da tikitin da ke nuna ka tafi da ranar dawowa. Mutumin da ya buɗe jaka ya miƙa takarda da wanda ya tsaya yana rantsuwa ba a yi musu kallo ɗaya.

Akwai abin da ba ka faɗa ba, ni kuma sai na tambaya, kada ka ji haushi. An taɓa kama ka? Ba tikitin ajiye mota ba daidai ba nake nufi, wannan abincin kowane direba ne a Niyu Yok. Ina nufin a kai ka ofishin 'yan sanda a ɗauki yatsunka. Da yawa daga cikin mutanenmu kafin su samu tasi sun taɓa sayar da jakunkuna da agoguna na jabu a bakin titi, an kama su, lauyan gwamnati ya ce amsa laifi ka biya tara ka tafi gida, suka amsa suka manta. Wani kuma rikici ne da iyali har maƙwabta suka kira 'yan sanda. Wani wiwi ne, wanda jihar Niyu Yok ta halatta tun 2021 amma dokar tarayya, wadda ita ke mulkin filin jirgi, har yanzu tana ɗaukar sa laifi. Irin waɗannan sukan kwanta shiru shekara goma, sai ranar da mutum ya dawo daga tafiya su farka, kuma wasu daga cikinsu ko tafiyar sati biyu ce tana tashin su. In akwai wani abu makamancin haka, ka je kotun da aka yi shari'ar ka karɓi takardar da ke nuna yadda ta ƙare, ka kai wa lauyan shige da fice na gaske kafin ka sayi tikiti. Na gaske na ce, ba mai shagon cike fom da aika kuɗi ba.

Sai maganar aure. Ba zan yi jayayya da kai a kan halaccinsa ba, addini ya halatta, ni da kai mun sani. Amma ka tambaye ni a kan katinka, to ga yadda yake shafar sa. Dokar Amurka ba ta san mace ta biyu ba, ba za ka iya nema mata takarda ba muddin uwargida tana nan. Cikin dalilan da ake hana mai zuwa zama shiga ƙasar akwai zuwa da niyyar zama da mace fiye da ɗaya, kuma ka tuna na ce wanda ya haura kwana 180 ana buɗe masa wannan littafi gaba ɗaya. Ga mai neman zama ɗan ƙasa kuma, ana tambayar aurensa dalla-dalla a ƙarƙashin rantsuwa, kuma auren mace fiye da ɗaya a cikin shekarun da ake dubawa yana rushe sharaɗin kyawun hali da suke nema. In ka faɗi gaskiya an hana ka, in ka ɓoye ka ɗaura wa kanka abin da zai iya sa a ƙwace zama ɗan ƙasar ko bayan shekaru. Ban da wannan, sabuwar amarya da sabon gida a Kano su ne hujja mafi ƙarfi da za a iya kawowa cewa rayuwarka ta koma can.

Bari in cire hular mai ba da shawarar takardu in yi maka magana ta ɗan'uwa. Abin da Hajiya take buƙata mai jinya ce: mai juya ta a kan gado kada bayanta ya yi gyambo, mai ba ta magani a kan lokaci, mai kai ta gashi. Wannan aiki ne, ana ɗaukar mutum a biya shi, ko a ware wa wata 'yar'uwa albashi mai kyau ta zauna da ita. A ɗauko 'yar mutane da sunan aure alhali jinya ake so ta yi, miji kuma zai koma wata duniya bayan shekara, ban ga adalci a ciki ba. Kuma ban ji ka ce uwargida ta san da wannan magana ba, ita da za ka bar wa yara uku da kuɗin haya a Buronks.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni takaici a wasiƙarka, kuma shi ne ya fi faranta min rai. Shekara goma sha biyar kana gudun jarrabawar Turanci, alhali yanzu ba ta hau kanka ba. Dokar ta ce wanda ya kai shekara 55 kuma ya yi shekara 15 da girin kad, ko ya kai 50 ya yi shekara 20 da shi, an ɗauke masa jarrabawar karatu da rubutun Turanci. Sauran tambayoyin tarihi da tsarin mulkin ƙasar, su kuma yana da damar amsa su da harshensa, ya zo da tafintansa. Kai shekararka 56, ka shigo 2010. Ma'ana za ka iya zama a gaban jami'i ka faɗa masa rassan gwamnati uku da Hausar Kano. Tambayoyin da amsoshinsu a buɗe suke a shafin hukumar, yaranka za su iya yi maka bita a teburin cin abinci.

Fom ɗin shi ne N-400, dala 760 a takarda ko 710 ta intanet a farashin 2024. Ana duba shekara biyar na baya: ka kasance cikin ƙasar aƙalla wata 30 daga cikin 60, wannan ka wuce shi nesa. Sai sharaɗin zama ba yankewa, a nan ne wata takwas ɗin 2023 zai taso, domin tafiyar da ta haura wata shida ana zaton ta yanke zaman sai ka nuna akasin haka. Abubuwan da suke karɓa a matsayin hujja kuwa kamar da kai aka rubuta su: iyalinka sun zauna a Amurka, ba ka saki gidanka ba, ba ka bar sana'arka ba, ba ka kama aiki a waje ba. Ranar da ka yi rantsuwa ka karɓi fasfo, duk wannan lissafin kwanaki ya ƙare. Ka yi shekara biyar a Kano ka dawo, ba mai tambayar ka dalili. Ba kuma za ka rasa Najeriya ba, tsarin mulkin 1999 ya bar wa ɗan ƙasa na haihuwa damar riƙe wata ƙasar. Ga kuma tsufa yana tafe: fanshon gwamnatin Amurka da ka tara da harajinka, ɗan ƙasa ana biyan sa yana zaune a Kano, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa akwai sharuɗɗan da ke hawa kansa da ya wuce wata shida a waje.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Takardar izinin sake shiga tana kare katin, amma ba ta kare lissafin zama ɗan ƙasa. In ka yi shekara ɗaya cur a waje, zaman ya yanke babu gardama, sai ka dawo ka sake jiran shekara huɗu da kwana ɗaya kafin ka nema. Kuma bayan ka shigar da N-400, sharaɗin zaman yana bin ka har ranar rantsuwa, ga ranar yatsu, ga ranar ganawa, duk sai kana nan. Saboda haka shekara ɗaya da rabin da kake so da fasfon da nake so maka ba sa shiga jaka ɗaya a lokaci guda.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Zan zauna da lauya sau ɗaya a cikin satin nan, in kai masa fasfo da kwanakin duk tafiye-tafiyena na shekara biyar. In ya ga hanya a share take, in shigar da N-400, in gama da yatsu, in hau jirgi. Zan yi wata uku ko huɗu a wajen Hajiya, ba shida ba, domin jirgi yana ɓata lokaci, ciwo yana tashi ranar tafiya, kuma wanda ya auna kwana 179 kwana biyu ne tsakaninsa da matsala. A cikin watannin nan zan tsara jinyar: in samo mai kula, in tara ƙannena a raba kwanaki da ɗawainiya. Kasancewarka babba ba ya nufin kai kaɗai Hajiya ta haifa. Uwargida ta riƙa duba akwatin wasiƙa, da takardar ganawa ta iso in dawo. Ka kuma tuna, tasi ba ta kawo kuɗi in direba yana Kano, kuma maganin Hajiya da kuɗin gashinta daga sitiyarin nan suke fitowa. Zaman shekara da rabi ba tare da shigar kuɗi ba zai iya kai ka ga zama kusa da ita hannu rabbana.

In kuwa likitoci sun gaya maka abin da ya sa ka san ba za ka iya barin gefenta ba, to kada ka tsaya lissafin fasfo. Fasfo yana jira, uwa ba ta jira. Ka shigar da I-131 kafin ka tashi, ka bar iyali da gida da haraji a tsaye, ka tafi da zuciya ɗaya, ka karɓi cewa zama ɗan ƙasa ya ja baya da wasu shekaru. Wannan asara ce da ake mayarwa.

Ƙananan abubuwa kafin ka ɗaure kaya. Duba fasfonka na Najeriya, in ya kusa ƙarewa ka sabunta, kuma sai da lambar NIN. Ɗauki hoton katinka gaba da baya ka ajiye a waya ka kuma bar wa uwargida kwafi. In katin ya ɓace kana Najeriya, akwai fom I-131A da ake biya a je ofishin jakadanci a karɓi shaidar hawa jirgi, ga wanda bai cika shekara a waje ba. Game da labaran hana shiga da ke tayar wa mutane hankali, takunkumin da aka sa wa bizar zama ta 'yan Najeriya a 2020 bai haɗa da masu girin kad ba, haka na Yunin 2025 da ya shafi ƙasashe irin su Chadi da Sudan ya ware su. Duk da haka irin waɗannan umarni suna sauyawa da sa hannun mutum ɗaya, don haka ka leƙa shafin hukumar da kanka kafin ka tashi da kuma kafin ka dawo, kada ka dogara da saƙon murya na WhatsApp.

In ka isa, ka gaishe min da Hajiya, ka ce wani ɗanta da ba ta sani ba yana yi mata addu'a. In lauyan ya ga wani abu a takardunka da ya sauya lissafin nan, sake rubuto min, ka haɗo da kwanakin tafiyarka ta 2023 daidai yadda suke a hatimin fasfo.